Tsaron Ƙasa Ya Wuce Bindiga: Darasi Daga Nguru Da Gashuwa

Daga Wakilinmu

In an ce tsaron ƙasa, abin da kan fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne soja da igwa, da ɗan sanda a bakin shinge. Amma in ka tambayi manomin shinkafa a fadamar Nguru, ko masunci a Gashuwa, abokin gaban da ya fi hana shi barci a watan Satumba, kogi zai nuna maka.

Dalili kuwa shi ne, Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are a wannan yanki suke haɗuwa su zama Komadugu Yobe. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sake. Wuraren da a da ruwa kan zo da damina ya janye da rani, sai ya riƙa kwana yana tashi a cikinsu duk shekara. Nan ciyawar kacalla ta sami gindin zama, ta toshe magudanai, ruwa ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru yana cin gonaki da ƙauyuka. A ambaliyar 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ruwa ya shiga unguwannin Gashuwa ya raba jama'a da gidajensu.

To, wa ke da alhakin kare farar hula daga irin wannan? A 1967, farkon yaƙin basasa, aka kafa ƙungiyar Sibil Difens a Ikko don a koya wa mutanen gari yadda za su tsira in jirgin sama ya kawo hari. Bayan farin 1973, wanda ya ƙarar da dabbobi a Arewa, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar agaji a 1976, ita ce kuwa ta zama NEMA a 1999. A 2003 aka yi wa Sibil Difens doka, a 2007 aka ba ta izinin riƙe makami. Da aka sace 'yan mata 110 a makarantar Dapchi ran 19 ga Fabrairu, 2018, su da 'yan sanda aka umarta su tsare makarantu.

Watau hukumomi akwai su, doka kuma akwai ta. Abin da talaka ke kuka da shi shi ne, sau da yawa ba ya ganin kowa sai ɓarna ta auku, sa'an nan a zo da buhunan shinkafa da tabarmi da bargo. Madalla da agaji, amma ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin tun da rani ya kamata a soma shi. A sare kacalla a yashe magudanai kafin ruwan farko. Kowace shekara hukumar kula da koguna ta ƙasa tana fid da hasashen wuraren da ambaliya za ta shafa. A fassara shi da Hausa da Barbarci da Badanci, a kai shi fadar Mai Bade da ta Sarkin Nguru, dagatai da limamai su isar. In za a saki ruwa daga Tiga ko Challawa, labari ya riga ruwan isowa. A keɓe tudun da kowane ƙauye zai gudu, a tanadi kwale-kwale, a koya wa samari ceto tare da sarakunan ruwa, don su suka san zurfin kogin.

Kada wani ya ce wannan ba maganar tsaro ba ce. Saurayin da ruwa ya cinye gonarsa, ya rasa abin kai wa bakin salati, shi ne wanda miyagu kan fara yi wa tayi, ga shi kuma iyakar Nijar tana kusa. Kuɗin da aka kashe wajen buɗe magudanar Marma, kuɗin tsaro ne kamar na harsashi.

Allah Ya kiyashe mu, Ya ba shugabanninmu ikon yin shiri kafin damina.