Kaktus Mai Wutsiyar Biba: Gajeren Tsiro Mai Tarin Abin Mamaki

A hamadar Mohabi da hamadun da ke kewaye da ita a kudu maso yammacin Amurka, daga Kalifoniya zuwa Nebada, Arizona da Yuta, har gangarowa arewacin Meziko, akwai wani kaktus da masana tsirrai ke kira Opuntia basilaris. Mutanen yankin sun laƙaba masa sunan wutsiyar biba, dabbar ruwan nan mai datse kogi da itatuwa, saboda faɗin sassansa. Da wuya ya wuce gwiwar mutum tsawo. Yana baje ne a ƙasa, rassansa na fitowa daga gindi.

Faffaɗan sassan nan da ido zai ɗauka ganye ne, ai kara ne. Su ne rumbun ruwansa. Launinsu toka-toka mai ratsin shuɗi, idan fari ko sanyi ya tsananta sai su yamutse, su yi ja-ja. Da an yi ruwan sama kuwa sai su cika su yi ɓul-ɓul.

Ga inda yake yaudarar baƙo. 'Yan'uwansa na tsoratar da mutum da dogayen ƙayoyi, shi kuwa sumul yake a ido, har hannu ya yi sha'awar shafawa. Kul! Matsa kusa ka dubi ɗige-ɗigen nan masu ruwan ƙasa da suka yi layi a jikinsa. Kowane ɗigo dami ne na ƙananan ƙayoyi, sirara kamar gashi, kowacce da ƙugiyoyi masu kallon baya. Shiga fata babu wuya, fita ce aiki. Wanda ya san ƙaiƙayin gero a wuya ranar sussuka ya ɗan san abin, sai dai wannan wanka ba ya raba ka da shi. Masu yawon hamada kan tsince su da hantsaki, ko su manna salatif su ɓare. A ganina wannan kariya ta fi ta dogayen ƙayoyi hikima, domin wanda ya taɓa sau ɗaya ba ya maimaitawa.

Da dare yake shaƙar iska. Ramukan fatarsa a rufe suke wuni zur don kada ruwa ya tsere, sai sanyin dare ya sauko su buɗe. Dabarar da ta sa yake rayuwa ke nan har a yankin Kwarin Mutuwa na Kalifoniya, inda aka auna zafin digiri 56.7 a shekarar 1913.

Tsakanin Maris da Yuni yake fure, ja mai haske da ya karkata zuwa ruwan hoda, ana hango shi daga nesa cikin duwatsu. Idan ƙudan zuma ya sauka tsakiyar furen, siraran zaren da ke ɗauke da garin fure sai su lanƙwaso kansa, su baɗe shi. Motsin a gaban idonka yake faruwa.

'Ya'yansa bushewa suke yi idan sun nuna, ba kamar na danginsa masu ruwa da zaƙi ba. Duk da haka ƙabilar Kahuwila, 'yan asalin kudancin Kalifoniya, sun ci tohonsa da ɗanyun sassansa: a kakkaɓe ƙayoyin, a turara a rami mai zafafan duwatsu.

Sashe ɗaya ya karye ya faɗi ƙasa, yakan yi saiwa ya zama sabon tsiro.

Kada a haɗa shi da ƙerana ko tinya na ƙasar Hausa. Kama ce kawai, dangi daban ne. Ka yanki ƙerana, farin ruwa mai guba zai tsatso, wannan kuwa ba shi da shi.

Akwai wani nau'in kaktus ɗin a kewayen garin Bekasfil na Kalifoniya wanda shi yana da ƙayoyi na sosai. Gonaki, gine-gine da rijiyoyin mai sun cinye mazauninsa, har gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin tsirran da ke fuskantar ƙarewa a 1990.