Caca da Na'ura: Kalma, Lissafi da Doka

A da, Bahaushe kan yi caca da wuri ko karta, mutum da mutum. Bayan da kamfanin SIRCOMA na Amurka ya fitar da na'urar Draw Poker a 1979, sai inji ya zama abokin karawa. Daga karta 52 ana iya haɗa hannu mai karta biyar har iri 2,598,960, amma huɗu kacal ne ke kawo babban ci. Ashe abin da ɗan caca ke kira sa'a lissafi ne da aka tsara domin amfanin mai na'ura. Shari'ar da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar ta haramta caca a Zamfara daga Janairun 2000. Kalmar kuwa ta ƙunshi na'ura, domin tushen ma'anarta zuba dukiya ne kan rashin tabbas.