Ɗanmu Ne Bai Isa Hujjar Zaɓen Shugaban Ƙasa Ba

Ƴan uwana Adarawa, akwai maganar da ake maimaitawa a majalisun Tawa da Keita da Illela duk lokacin da aka shiga kamfe: naka sai naka, kuma jahar da ba ta da ɗa a fadar Yamai ba ta ganin komai. Masu faɗar haka dattawa ne masu hankali, kuma suna da abin dogaro. Ɗan gari ya san rijiyar da ke ƙafewa da bazara, ya san abin da ke kai samari ci-rani Abijan da Libiya, kuma yana jin kunyar idon da ya san shi tun yana yaro. Na yarda da wannan. Inda na rabu da su shi ne mayar da asalin ɗan takara ma'aunin da ya fi kowane ma'auni.

Mu fara da lissafi. Mahamadou Issoufou, haifaffen Dandaji a ƙasar Adar, ya samu goyon bayan Tawa tun zaɓen 1993. Duk da haka Tandja Mamadou ya kayar da shi a zagaye na biyu a 1999, ya sake kayar da shi a 2004. Sai a watan Maris 2011 ya yi nasara a kan Seini Oumarou, bayan Hama Amadou da wasu sun mara masa baya, mutanen wasu jahohi suka jefa masa ƙuri'a. Da mutanen Yamai da Tilaberi sun riƙe ƙa'idar da muke wa'azinta, da ɗan Adar bai taɓa hawa kujerar ba. Ƙa'idar da ba ta amfanarmu sai in wasu sun karya ta, ba abin da za mu koya wa ƴaƴanmu ba ne.

Sai ayyukan da ake kafa hujja da su. Ana nuna tituna da gine-ginen shirin Tawa Sakola, da aka yi don bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2017. Gaskiya garin ya canza. Amma bikin zagayawa yake yi: Dosso ta karɓa a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, Damagaram a 2018. Tsari ne na ƙasa, juyinmu ne ya zo. Jami'ar Tawa kuwa an kafa ta a 2010 tare da na Maraɗi da Damagaram, lokacin riƙon ƙwarya na Salou Djibo. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda ya fara a 1984 da taimakon Italiya, aka dasa miliyoyin itatuwa, mata suka ɗauki duwatsu a ka suka tare zaizayar ƙasa, an fara shi ne zamanin Seyni Kountché, Bazabarmen Fandu. Alherin da ya daɗe a ƙasarmu ya zo ne daga tsari mai kyau, ko wane ne ya sa masa hannu.

Haka kuma zaman ɗan jaha a fada bai tare mana masifa ba. Ranar 21 ga Maris 2021 ƴan bindiga suka kashe mutum 137 a yankin Tiliya, kwanaki kaɗan kafin Issoufou ya miƙa mulki. Ban kawo wannan don in ɗora wa mutum guda laifi ba. Tsaro da farashin hatsi da kasuwar albasar Galmi al'amura ne da ke buƙatar iya mulki, kuma iya mulki ba a gadonsa daga sunan ƙauye. Wanda zai gina rijiya, gwanin gini yake nema, ko daga wace unguwa ya fito.

Akwai ɓarnar da ta fi waɗannan. Ɗan takarar da ya tabbata za a zaɓe shi don asalinsa ba ya wahalar kawo manufa. Ya isa ya tara maroƙa, ya raba atamfa da sukari da jika biyu-biyu, ya bar ƴan bangarsa su zagi abokin hamayya. Bayan zaɓe kuma ba mai iya tuhumarsa, don duk wanda ya yi magana sai a ce ya ci amanar gida. Mun ga inda irin wannan harshe ya kai a zaɓen 2020 zuwa 2021, da aka riƙa jayayya a kan asalin ɗan takara Mohamed Bazoum har maganar manufa ta kusa ɓacewa, aka kuma yi tarzoma a Yamai bayan bayyana sakamako. Tsarin mulkin 2010 ya haramta jam'iyyun ƙabila da na ɓangaranci, amma abin da doka ta hana a takarda bakinmu ya halatta shi a dandali.

To da me za mu auna? Mu duba amanar da aka taɓa ba mutum da yadda ya fita daga cikinta. Mu tambaye shi abin da zai yi wa ruwan sha da makaranta da likita, da inda kuɗin zai fito. Mu lura da yadda yake magana a kan abokin hamayyarsa, domin haka zai yi da mu ranar da muka saɓa masa. Mu ga ko yana girmama wa'adi, tunda tazarcen Tandja na 2009 ya ƙare da juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010. A nan ɗan Adar ya cancanci yabo: Issoufou ya sauka bayan wa'adi biyu, kuma aikinsa ne wannan, ba asalinsa ba.

Sojoji sun karɓi mulki a Yuli 2023, an rusa jam'iyyu a Maris 2025, don haka akwai sararin tunani kafin a sake kaɗa gangar kamfe. Malamai da sarakuna da iyaye mata, ku fara wannan magana a masallatai da gidaje tun yanzu. Idan ranar ta zo, ɗanmu ya tsaya a layi ɗaya da ƴaƴan kowa. In ya fi su gaskiya da iya aiki mu zaɓe shi, in wani ya fi shi mu zaɓi wancan.