DON: Fuska Ɗaya, Kiɗa Biyu

'Yar uwa, bari in fara miki da wani abu da ya faru a gidanmu tun ina 'yar aji biyu a sakandare. A wancan lokacin mu mata ba a barinmu zuwa silima, sai dai yayyenmu maza su je Plaza ko Orion ko Marhaba, su dawo su cika mu da labari har da kwaikwayon naushi. Mu namu rabon shi ne kaset ɗin bidiyo na haya. Ran nan aka kawo wani fim ɗin Indiya mai suna Don, muka yi dandazo a ɗaki, ita kuwa babbar yayarmu girki ya faɗo kanta, tana tsakar gida tana tuƙa tuwo, ko gefen talabijin ɗin ba ta hangowa. Amma abin mamaki, jifa-jifa sai mu ji ta ɗaga murya ta ce, "Ga mugun nan ya shigo ko?" Can kuma ta ce, "A'a, wannan ba shi ba ne, wannan mai tausayin ne." Wallahi ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba, alhali mu da muka ƙura wa akwatin ido har musu muke yi, domin kuwa mutum ɗaya ne ya fito a matsayin mutane biyu. Da muka tambaye ta yadda take ganewa, sai ta ce, "Ku ba ku jin kiɗan ne?"

Tun daga ranar na daina kallon fim da ido kawai.

Fim ɗin ya fito ne a watan Mayu na 1978. Amitabh Bachchan ne jarumin, Zeenat Aman jarumar, ga kuma tsoho mai ran ƙarfe Pran, da Helen sarauniyar rawa. Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta labarin, wato mutanen nan biyu da suka rubuta Sholay da Deewaar a 1975. Chandra Barot ya ba da umarni, kuma shi ne fim ɗinsa na farko. Kiɗa kuwa na wasu 'yan uwan juna ne, wa da ƙani, Kalyanji da Anandji.

Ga wadda ba ta gani ba, ga yadda zancen yake a taƙaice. Don wani ƙasurgumin ɗan fasa-ƙwauri ne a birnin Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai, mutum ne da ke alfahari da cewa 'yan sandan ƙasashe 11 na nemansa. Ba ya yafiya. Wani yaronsa mai suna Ramesh ya so ya tuba ya bar harkar ya yi aure, Don ya kashe shi. Daga nan mata biyu suka ɗaura ɗamarar ramuwa, budurwar mamacin Kamini, da ƙanwarsa Roma. Ana cikin haka 'yan sanda suka harbi Don, ya mutu a cikin motar wani babban jami'i mai suna D'Silva ba tare da kowa ya sani ba. Maimakon jami'in ya sanar, sai ya binne gawar a ɓoye, ya nemo wani talaka mai waƙa a bakin titi, Vijay, wanda kamarsu ɗaya da Don kamar an tsaga kara, ya koya masa tafiyar Don da maganarsa, ya tura shi cikin 'yan daban don ya kwaso sirrinsu. Shi kuwa Vijay ba kuɗi ne ya ja shi ba. Wasu yara biyu ya tsinta yake riƙo, aka yi masa alkawarin za a sa su makaranta.

To fa! Sai D'Silva, wanda shi kaɗai ne cikin hukuma ya san gaskiya, ya mutu. Vijay ya wayi gari 'yan sanda na cewa shi ne Don, 'yan daba kuma sun gane ba shi ba ne. Gaba kura, baya sayaki. Sauran ba zan faɗa miki ba, musamman wanene ainihin uban tafiyar da ke ɓoye cikin manyan mutane, kada in ɓata miki kallo.

Yanzu mu koma kan abin da yayarmu ta ji daga tsakar gida. Da zarar an fara rubuta sunaye a farkon fim ɗin, wani kiɗa ne ke tasowa da gudu kamar an biyo ɓarawo, jita mai kaurin murya a ƙasa tana maimaita abu ɗaya, ƙahonni na tsawa a sama, ganguna ba sa tsayawa. Kiɗan birni ne, kiɗan mota da kwat da baƙin tabarau, irin wanda ake ji a finafinan 'yan sandan Amurka na shekarun 1970. Wannan shi ne rigar Don. Duk inda ya sa ƙafa, ko da bai ce uffan ba, wani yanki na wannan sauti na biye da shi. Shi kuma Amitabh sai ya rage motsi, ya rage magana, muryarsa ta koma can ƙasa, ba ya gaggawar komai saboda ya san kowa shi yake jira.

Da Vijay ya bayyana kuwa, sai duniya ta canza. Ganga mai baki biyu irin ta ƙauye, ƙararrawa a ƙafa, murya a sama, baki jajir. Mutumin da ɗazu ko ƙifta ido ba ya yi, ga shi yana tsalle a titi yana washe haƙora. Fuskar dai ita ce, tsawon shi ne, amma kunnenki ya riga ya gaya miki wannan ɗan talakawa ne, ba zai iya yanka ko kaza ba. Inda gwanintar take shi ne lokacin da Vijay ya sa kayan Don yana kwaikwayonsa. A nan Amitabh mutum uku yake yi ba biyu ba, domin sai ya nuna miki mai tsoro da ke ƙoƙarin ɓoye tsoronsa cikin rigar marar tsoro. Ba banza ba aka ba shi kyautar Filmfare ta gwarzon jarumi a 1979 saboda wannan fim.

A nan zan faɗi wani abu da wataƙila ba zai yi wa wasu daɗi ba. Mu 'yan mata a lokacin, Don muka fi so, ba Vijay ba. Har rubuta sunansa muke yi a bangon littafin lissafi. Sai da na girma na zauna na lissafa abin da mutumin ya aikata cikin ɗan lokacin da ya yi a raye a fim ɗin: ya tarwatsa abokan cinikinsa da bam a cikin jaka, ya kashe yaronsa don kawai ya ce zai tuba, ya yi garkuwa da mace. Ina abin so a nan? Kiɗan ne ya wanke shi ya shafa masa turare. Ki gwada da kanki, ki kashe sautin ki kalli shigowarsa, za ki ga wani dogon mutum ne kawai mai ɗaure fuska. Ki mayar da sautin, sai ki ji gabanki ya faɗi. Masu shirya fim sun san wannan sarai. Haka Nino Rota ya yi wa The Godfather a 1972, inda ƙaho ɗaya tilo mai ban tausayi ya sa 'yan kallo suka riƙa jin iyalin masu kisa kamar danginsu.

Waƙoƙin ma ba ado ba ne kawai, kowace da aikinta a cikin labarin. Ki duba wadda Helen ta yi rawarta, wato Kamini a ɗakin otal. Asha Bhosle ce ta rera ta. A ido, mace ce ke jan hankalin namiji da kwarkwasa. A gaskiya kuwa ta riga ta kira 'yan sanda, rawar duk dabara ce ta ɓata masa lokaci, har ta samu ta zare harsasan bindigarsa. Kiɗan na da zaƙi amma yana da gaggawa a ƙarƙashi, kamar bugun zuciyar wadda ta san in asirinta ya tonu ta mutu. Kuma ta mutu ɗin. Duk sanda na sake kallon wurin nan sai na ji ina ce mata ki gudu, alhali na san ƙarshen tun shekaru aru-aru. Asha ta ci kyautar Filmfare da wannan waƙa, kuma a 2005 mawaƙan Amurka Black Eyed Peas suka ɗebi wani yanki na kiɗanta suka sa a waƙarsu, ta zagaya duniya, yaran da ke rawarta ba su ma san daga inda aka samo ta ba.

Sai Roma. Ni a wurina ita ce dalilin da ya sa ya kamata kowace yarinya ta ga fim ɗin nan. A zamanin da jarumar fim ɗin Indiya aikinta kuka da jiran a cece ta, Zeenat Aman, wadda ta taɓa cin gasar sarauniyar kyau ta yankin Asiya a 1970, ta fito a matsayin yarinyar da aka kashe wa wa, ba ta zauna zaman makoki ba. Ta rage gashinta, ta je ta koyi judo da karate, ta kutsa cikin 'yan daban da ƙafarta. Akwai waƙar da take yi a gaban taronsu da muryar Lata Mangeshkar, wadda su a kunnensu waƙar soyayya ce ta mai jiran masoyi, mu kuwa 'yan kallo mun san wanda take jira wuƙa ta tanadar masa. Kuma abin tausayin, wanda take shirin kashewa ba shi ne ya kashe ɗan uwanta ba, Vijay ne bawan Allah. Ki ga yadda waƙa ɗaya ta ɗauki ma'ana uku.

Amma waƙar da ta fi kowace suna, wato "Khaike Paan Banaraswala", saura kaɗan ba ta shiga fim ɗin ba. Bayan an gama aiki, Chandra Barot ya nuna wa maigidansa Manoj Kumar, shi kuwa ya ce rabin ƙarshen ya yi tsauri da yawa, gudu ne kan gudu, ba a bai wa ɗan kallo damar ya numfasa ba, a saka waƙa. Sai aka ɗauko wata da tun farko an tanade ta ne don fim ɗin Dev Anand mai suna Banarasi Babu na 1973 amma ba a yi amfani da ita ba. Kishore Kumar ya rera, shi ma ya ci kyautar Filmfare da ita.

Shi wannan pan da ake wa waƙa, ki ɗauke shi kamar goronmu. Wani ganye ne da ake shafa wa farar ƙasa, a zuba 'ya'yan wani itace da kayan ƙamshi a naɗe, a tauna, baki ya yi ja. Na birnin Banaras da ke bakin kogin Ganga ya fi suna. A fim ɗin, Vijay na cikin gudun ceton rai sai ya faɗa cikin mutanen yankinsu da ke ci-rani a Bombay, suka miƙa masa pan, nan take ya manta da kwat da bindiga ya koma ɗan ƙauyensu. Duk wadda ta taɓa yin baƙunta a wata ƙasa ta ji an yi mata Hausa a kasuwa, ta san abin da ya ji. Amitabh kansa haifaffen Allahabad ne a jihar Uttar Pradesh, jiha ɗaya da Banaras, shi ya sa rawar da karin harshen suka zauna masa daram. Waƙar da aka liƙa don a huta, sai ga shi ita ce ta fi nuna mana wanene Vijay.

Af, na manta ban gaya miki ba. Kin san busar macijin nan ta tsohon fim ɗin Nagin na 1954, wadda har yau in an ji ta ake tuna maciji? Ba sarewa ba ce. Kalyanji ne ya kaɗa ta da wani ɗan ƙaramin fiyano mai aiki da lantarki, tun yana saurayi. Ashe tun can mutumin ya saba yaudarar kunne.

Akwai kuma labarin bayan fage, wanda ni ya fi taɓa ni fiye da na cikin fim ɗin. Wanda ya ɗauki nauyin Don, Nariman Irani, asalinsa mai ɗaukar hoto ne. Ya shirya wani fim mai suna Zindagi Zindagi a 1972, fim ɗin ya faɗi, bashi ya yi masa katutu, har rufi miliyan 1 da dubu 200. Abokan aikinsa, su Amitabh da Zeenat da Pran da Barot, suka ba shi shawarar ya sake yin wani, su za su fito a ciki don ya samu ya fita kunya. Aikin ya ɗauki fiye da shekara uku saboda ƙarancin kuɗi. Ana dab da gamawa, a ƙarshen 1977, yana ɗaukar wani fim ɗin na daban, bango ya rufto masa, ya rasu sakamakon raunin. Bai ga fitowar Don ba. A makon farko ma kasuwa ba ta karɓi fim ɗin ba, har an fara cewa ya faɗi, sai waƙar pan ta bazu a gari, jama'a suka yi ta tururuwa. Da ribar aka biya bashin da ya bari.

An sake yin labarin sau da yawa. Rajinikanth ya yi shi da harshen Tamil a 1980 da sunan Billa. A 2006 Farhan Akhtar, ɗan Javed Akhtar da ya rubuta na asalin, ya sabunta shi da Shah Rukh Khan da Priyanka Chopra, ya juya ƙarshen labarin, aka kuma yi na biyu a 2011. Na san 'yan matan yanzu wannan suka sani, har wata 'yar ƙanwata ke ce mini tsohon ai hotonsa ya dushe, faɗan ma kamar wasan yara. Ban musa mata ba, domin faɗan ƙarshe da ake yi a maƙabarta, inda ake ta jifa da jan littafin sirri daga hannu zuwa hannu, ni kaina dariya yake ba ni yanzu. Na dai ce mata ta lura, sabon ma bai iya rabuwa da tsohon kiɗan ba, sai da ya dawo da waƙar pan da ta Kamini.

Makon jiya na samo tsohon a waya, na ba ta abin sa wa a kunne, na ce ta juya wa hoton baya ta gaya mini wanda ya shigo. Ta yi shiru kamar minti ɗaya, sannan ta ce, "Anti, wannan mugun ne." Na ce ta ci gaba da saurare.