Kukan kwikwiyo da dare

Kukan kwikwiyo da dare ɗabi'a ce da ake gani ga ɗan kare, musamman a kwanakin farko bayan an raba shi da uwarsa an kai shi sabon gida, an rufe shi a keji ko akurki ko ƙarƙashin kwando. Kukan ya bambanta da haushi, domin siririyar murya ce mai ja wadda yake ta maimaitawa, wani lokaci yana haɗawa da kartar ƙofa. Masana ɗabi'ar dabbobi suna ɗaukar wannan kuka a matsayin kiran neman agaji. Manyan abubuwan da ke jawo shi su ne kaɗaici, sanyi, yunwa, matsuwar fitsari da rashin lafiya. Yawancin 'yan kwikwiyo suna dainawa cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu idan an gano dalilin an magance shi.

Suna

Kwikwiyo shi ne ɗan kare, jam'insa kwiyakwiyai, amma a maganar yau da kullum an fi cewa 'yan kwikwiyo. Ana kuma amfani da kalmar ga 'ya'yan wasu namun daji, kamar kwikwiyon zaki. Uwarsa ita ce karya, da k marar lanƙwasa, saɓanin ƙarya wadda take kishiyar gaskiya.

Asalin ɗabi'ar

Ana haihuwar kwikwiyo idanunsa da kunnuwansa a rufe. Idanun suna buɗewa tsakanin kwana 10 zuwa 14, ji kuma yana biyo baya. A makonni ukun farko jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi da kansa, shi ya sa 'yan kwikwiyo suke kwana a cure, wani kan wani, a jikin uwarsu. Duk wanda ya gangara gefe sai ya yi kuka, uwar ta ji ta ɗauko shi. Wato kukan hanya ce ta tsira da rai.

Wasu masana biyu na Amurka, John Paul Scott da John L. Fuller, sun shafe shekaru suna nazarin tasowar karnuka a cibiyar bincike ta Jackson da ke Bar Harbor a jihar Maine, suka wallafa sakamakon a 1965. Sun nuna cewa daga mako 3 zuwa kusan mako 12 ne kwikwiyo yake koyon sabo da mutane da sauran dabbobi. Binciken Scott ya kuma nuna cewa kwikwiyon da aka bari shi kaɗai a wurin da bai sani ba ya fi yawan kuka a wajen mako 6 zuwa 7. Wannan kuwa shi ne lokacin da mutane da yawa suke ɗauke shi daga uwarsa, saboda sun ga ya fara cin abinci. Likitocin dabbobi suna ba da shawarar a bar shi har ya cika mako 8. A Ingila, dokar 2018 ta hana masu lasisin kiwo sayar da kwikwiyon da bai kai mako 8 ba.

Dalilan kukan

Kaɗaici. Shi ne dalilin da ya fi yawa a dararen farko. Kwikwiyon bai taɓa kwana shi kaɗai ba, ga wurin baƙo ne, babu warin uwarsa.

Sanyi ko zafi. Kwikwiyon da sanyi ya dama yakan dunƙule yana rawar jiki. Wanda zafi ya dama kuma yakan baje yana haki, harshe a waje.

Yunwa da ƙishirwa. Cikinsa ƙarami ne, yana buƙatar ci sau 4 a yini har ya kai wata 3. Wanda aka ba tuwo sau ɗaya da rana ba zai kai asuba shiru ba.

Fitsari da kashi. Kare ba ya son ɓata makwancinsa. A ƙiyasin masu horar da karnuka, kwikwiyo ɗan wata 2 ba ya riƙe fitsari fiye da awa 2 zuwa 3 idan yana farke, ko da yake yakan ɗan ƙara idan yana barci.

Ƙwari da ciwo. Ƙuma da kaska da cinnaka suna hana shi barci. Haka kuma tsutsar ciki, wadda ɗaya daga cikin nau'o'inta take shiga jikin kwikwiyo tun yana cikin mahaifa. Alamarta ita ce kumburin ciki alhali jiki yana ramewa.

A ƙasar Hausa

Yawancin rubuce-rubucen da ake samu a intanet kan wannan batu daga Amurka da Ingila suke, inda kare yake kwana cikin ɗaki, kuma babbar shawararsu ita ce a ajiye kejin kusa da gadon mai shi. Ko a Turai ba a haɗu kan keji ba, domin dokokin Suwidin da Finlan sun taƙaita rufe kare a keji cikin gida, sai don wata larura kamar tafiya ko jinya.

A ƙasar Hausa lamarin daban ne. A ƙauyukan kudancin jihar Kano, kamar Fassi, wadda mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Kibiya mai maƙwabtaka da Rano, ana riƙe kare ne don aiki: farauta da rani bayan an gama girbi, gadin gida da gona, da tsaron dabbobi a rugar Fulani. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a yankin, sun halatta riƙe kare don farauta da tsaron shuka da dabbobi, amma ba al'ada ba ce a shigar da shi ɗakin kwana. Sau da yawa kwikwiyon kyauta ce daga maƙwabci ko abokin farauta, kuma makwancinsa tsohon akurki ne, ko kwando a kife, ko lungu a bayan rumbu.

Yanayin yankin ma yana da tasiri. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin dare a Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15, ga iska mai ƙura. Da bazara kuwa zafin rana yakan kai digiri 40, keji na ƙarfe ko mai rufin kwano yakan riƙe zafin har cikin dare. Da damina ƙasa takan jiƙe, ƙwari su yawaita.

Kukan yakan kuma zama matsala tsakanin mutane. A gidan gandu mai iyalai da yawa, ko unguwar da katanga ɗaya ce ta raba gidaje, dare biyu ko uku na kuka ya isa a fara ƙorafi. Daga nan ne wasu suke dukan kwikwiyon, ko su kai shi bayan gari su yar, inda ko dai ya mutu ko ya tashi karen titi marar rigakafi.

Yadda ake magance shi

Abin da shawarar Turawa take nufi shi ne kusanci, kuma ana iya samun sa ba tare da an shigar da kare ɗaki ba. Ana ajiye makwancin a zaure, ko ƙarƙashin rumfa kusa da tagar mai kula da shi, inda zai riƙa jin motsi da muryar mutane. Bayan ya saba sai a riƙa matsar da shi a hankali zuwa inda ake so ya zauna. Sauran matakan sun haɗa da:

1. Makwancin ya isa kwikwiyon ya miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta. A ɗaga shi daga ƙasa da katako, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko tsumma.
2. A goga tsumma a jikin uwar ranar da za a ɗauko shi, a sa masa a makwanci. Warin yana kwantar masa da hankali.
3. Da hunturu a rufe ɓangaren da iska take shigowa da buhu, a naɗe gorar ruwan ɗumi cikin tsumma a ajiye masa. Ba a sa garwashi kusa da shi, saboda ƙuna da hayaƙi.
4. A ba shi abincin ƙarshe kamar awa 3 kafin kwanciya, a yi wasa da shi da yamma don ya gaji, sannan a fitar da shi ya yi fitsari dab da rufe shi.
5. A riƙa ba shi abinci cikin kejin da rana, ƙofa a buɗe, don ya ɗauke shi wurin hutawa. Ba a mayar da keji wurin horo, ba a kuma rufe kwikwiyo a ciki yini da kwana.
6. Idan ya farka da kuka tsakar dare, a fitar da shi shiru, ba wasa ba abinci, ya yi fitsari a mayar da shi.

Da yawa daga cikinsu suna fara kwana har asuba a wajen wata 4.

Saɓanin masu horarwa

Masu horar da karnuka sun rabu biyu kan ko a amsa kukan. Wasu suna ganin idan ana zuwa duk lokacin da ya yi kuka, zai koyi cewa kuka ne yake buɗe ƙofa. Wasu kuma suna ganin barinsa ya yi ta kuka na sa'o'i yana ƙara masa tsoron wurin. Matsayar da ta fi karɓuwa ita ce a fara duba buƙatunsa. Idan an tabbatar ba yunwa, ba sanyi, ba fitsari, sai a yi masa magana daga nesa, a jira ya ɗan yi shiru kafin a buɗe. Duka da tsawa ba sa hana kukan sai na ɗan lokaci, kuma suna iya sa kare ya tashi da tsoron mutane ko yawan cizo, wanda illa ce ga karen farauta da na gadi.

Abubuwan da ake gujewa

Madarar shanu takan sa kwikwiyo zawo. Albasa, tafarnuwa, cakulan da goro suna cutar da kare. Ba a ba shi maganin barci ko maganin ciwon jiki na mutane, irin su farasitamol, domin suna iya kashe shi. Ɗaure shi da igiya a wuya cikin dare ma haɗari ne, saboda yana iya shaƙe kansa.

Lokacin neman likitan dabbobi

Idan kukan ya zo da amai, zawo mai jini, ƙin cin abinci ko kasala, to ba na kaɗaici ba ne. Waɗannan alamu ne na cututtuka irin su fabo, wadda take kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Ana fara ba da maganin tsutsa tun daga mako 2, rigakafin fabo daga mako 6 zuwa 8, na ciwon haukar kare kuma a wata 3. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa allurar haukar kare.

Kwikwiyon da ba a san asalinsa ba, wanda muryarsa ta sauya, yana dalalar da yawu yana kai cizo ba dalili, ba a taɓa shi da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukar kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara suna cikin waɗanda ya fi shafa. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar.