Muzakara a Azuzuwan Kotobabi

Duk wanda ya ratsa lungunan Nima da Mamobi da Kotobabi, a birnin Ankara na ƙasar Gana, zai tarar da 'ya'yan Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa da Wangarawa suna wasa da ciniki da gardama cikin Hausa, alhali kuwa da zarar sun shiga aji, inda Turanci ke sarauta, Hausa kuma ba ta cikin harsuna 11 da hukuma ke koyarwa, sai bakin da ya cika unguwa da surutu ya mutu murus.

Masana halayyar zaman jama'a sun daɗe da bayyana hasarar da ke cikin wannan shiru. George Herbert Mead na Jami'ar Chicago, wanda ya rasu a 1931, ya tafi a kan cewa hankalin ɗan Adam ta mu'amala yake ginuwa. Shi kuwa Lev Vygotsky na Rasha, wanda ya rasu a 1934, ya nuna akwai tazara tsakanin abin da yaro ke iyawa shi kaɗai da abin da yake iyawa idan wanda ya fi shi ya kama masa, kuma a cikin tazarar nan karatu ke tabbata. Tun gabaninsu Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa, ya aibanta ɗaliban da ke ƙare shekaru a majalisin ilimi bakinsu gum, sun dogara ga hadda, domin a wurinsa malaka, wato ƙwarewa, ba ta samuwa sai da munazara.

Makarantar allo ta zango ta riƙi wani sashe na wannan hikima, inda babban almajiri ke durƙusawa gefen ƙarami, yatsarsa bisa allo, yana biya masa, yana gyara kuskure tun bai bar leɓe ba. Da hukumar ilimi ta kafa sashen makarantun Islamiyya a 1987, an sami manhaja da ƙwararrun malamai, sai dai zaman ya koma sahu-sahu, kowa na fuskantar malami.

Maganin ba ya bukatar kuɗi. Malami ya kasa yara huɗu-huɗu, mai ƙoƙari tare da mai rauni, ya ba su lissafin cinikin koko da ƙosai a sidi da fesuwa, ya ƙyale su su yi muzakara cikin harshen da suke tunani da shi, sa'an nan wakilinsu ya tashi ya kawo amsa da Turanci. Hayaniya za ta ƙaru, amma ta cikinta ne malami zai ji inda fahimtar kowane yaro ta tsaya, ya san daga inda zai ɗora masa.