Jan farce mai sheƙin lu'ulu'u: zaɓensa, shafa shi, da lokacin da ya kamata a goge shi

 

Tun da muka taɓo zancen kwalliyar amare a filin mata na makon jiya, saƙonni ke ta shigowa kan abu guda: jan farcen nan mai sheƙi kamar lu'ulu'u, wanda ƴan mata ke kira verni nakre. Wata baiwar Allah daga Tibiri ta ce ta saya don bukin ƙanwarta, ta shafa, sai ga shi ya fito layi-layi kamar an ja tsintsiya bisa rairayi. Wata daga Jiratawa ta tambaya ko za ta iya alwala da shi. Wani magidanci kuma daga Abijan ya ce uwargida ta ba shi sautu, ya shiga kanti ya tarar da kwalabe birjik, ya rasa na ɗauka. Lokacin rediyo gajere ne, shi ya sa muka kawo amsar nan a rubuce.

Mu fara da sanin inda sheƙin ya fito, don a nan ne sirrin shafa shi yake. A ƙarni na 17, wani mai yin carbi a birnin Paris, ana ce da shi Jacquin, ya gano cewa in aka wanke ɓawon jikin wani ƙaramin kifin gulbi, ana samun wani ruwa mai walƙiya. Da shi ya riƙa shafe duwatsun gilashi su koma kamar lu'ulu'u na gaske. Masu kayan kwalliya sun daɗe suna aiki da wannan sinadari na kifi. Yau kuwa mafi yawan kamfanoni da wani dutse suke aiki, sunansa mika, mai ɓarewa falle-falle, a niƙa shi a lulluɓe shi da farin sinadari. In kika juya kwalbar kika ga an rubuta Mica ko CI 77019, to shi ne. In kika ga CI 75170, na kifin ne.

Waɗannan ƴan falle-fallen kamar ƙananan madubai suke. In sun kwanta duka ta fuska ɗaya, haske ya dawo sumul. In buroshi ya bi nan ya bi can, sai su kwanta a hargitse, shi ne layi-layin da ƴar uwarmu ta Tibiri ta gani. Kuma ku sani, jan farce mai sheƙi ba ya rufa wa farce asiri. Duk wani gargada ko tsaga da ke jiki, shi zai fara nunawa.

To, wajen saye. Kada ki zaɓi launi a ƙarƙashin fitilar butik. Ki roƙi mai kaya ki fito da kwalbar bakin ƙofa, ki ɗora ta kusa da bayan hannunki a hasken rana. Ga fatarmu, ruwan zinari, ruwan tagulla, ruwan goro da ruwan ƙasa mai sheƙi suna zama ɗas. Fari tas da ruwan azurfa kuwa sukan sa hannu ya yi kamar an shafa toka, balle a hunturu da fata ke bushewa. In akwai sauran jan lalle a farcenki, ki tuna shara-shara ne yawancin masu sheƙin nan, jan zai leƙo ta ƙasa ya canza launin. Farin da kika saya sai ya koma wani abu daban. A irin wannan hali ki ɗauki launin da ya yi kusa da lallen.

Sannan ki karkata kwalbar. Mai kyau yana gangarowa kamar man gyaɗa. In ya tsaya cak ko yana jan zare kamar miyar kuɓewa, ya tsufa ko rana ta dafa shi. Ba abin mamaki ba ne, kayan da suka biyo hanyar Jibiya da Ɗan Isa cikin mota, suka zo suka yini bisa tebur a bazara, lokacin da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40. Ki duba kuma ko akwai hoton ɗan gwangwani buɗaɗɗe da aka rubuta 12M ko 24M. Ma'anarsa watannin da zai yi yana da kyau bayan an buɗe shi. Kwalbar da ba sunan kamfani, ba jerin abin da aka haɗa, ki bar wa mai ita kayansa komai arharta. Arha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Yanzu shafawa. Ki wanke hannu da sabulu, ki bari ya bushe sarai, don in da maiƙo a farce, ko na basilin ko na girki, jan ba zai kama ba. Kada ki girgiza kwalbar da ƙarfi, kumfa za ta shiga. Ki sa ta tsakanin tafukanki ki murza, har sheƙin da ya kwanta a gindi ya gauraya. In kina da farin nan mai kamar ruwa da ake fara shimfiɗawa, ki fara da shi, yana cike gargada kuma yana hana farce rinewa. Sai ki tsoma buroshi, ki share gefe guda a bakin kwalba, ki ja sau uku kawai: tsakiya, dama, hagu, kowanne daga gindin farce zuwa baki, a miƙe. Kada ki koma ki gyara. Na farko zai fito ba kauri, kamar bai yi ba, haka ake so. Ki jira minti biyu ko uku ki ƙara na biyu, in akwai na rufewa ki ɗora a ƙarshe, ki ɗan shafi bakin farcen da shi don kada ya yi saurin ɓantarewa. Siriri sau biyu ya fi mai kauri sau ɗaya nesa ba kusa ba.

Ki zaɓi inda iska ke shiga amma ba ƙura. Ni kaina na taɓa shafawa a tsakar gida cikin hunturu, ranar sunan ɗiyar yayata, kafin ya bushe iska ta taso, farcena ya koma kamar takardar goge katako. Dole na goge na sake. Kuma ki nisanci murhu, gawayi, gas da fitilar aci-balbal, domin jan farce da ruwan goge shi, wanda muke kira disolban, duka biyu suna kama wuta nan take. Kada ki goge farce da esansin ƴan ruwa-ruwa ko ruwan tsinka fenti. Kada kuma ki tsinka wanda ya daskare da disolban, lalata shi yake. Ki rufe kwalba gam, ki ajiye cikin inuwa, inda hannun yara ba ya kai.

Mu zo ga tambayar ƴar uwarmu ta Jiratawa, wadda ta fi duka nauyi. Lalle rini ne, yana shiga jikin farce, ruwa na ratsawa, shi ya sa iyayenmu da kakanninmu ke ƙunshi su yi sallarsu ba wata damuwa. Jan farce kuwa shafi ne, in ya bushe ya zama kamar ƴar leda bisa farce. Malamanmu sun yi bayani cewa duk abin da ya hana ruwa isa ga gaɓar da ake wankewa, alwala ba ta cika da shi ba, haka wankan tsarki. Shi ya sa mata da yawa ke shafawa a kwanakin da ba su salla. To amma a kula, ranar wanka sai an goge shi tas tukuna, kuma mai sheƙi yakan bar ɓurɓushi a lungun farce, sai an bi da auduga a hankali. Wadda ba ta da disolban a gida, gara ta tanade shi tun ranar da ta sayi jan. Akwai wanda ake tallarsa da cewa ruwa na ratsa shi, malamai ba su haɗu a kan magana ɗaya game da shi ba, don haka ki tambayi malaminku kafin ki dogara da rubutun kwalba.

Wuri na biyu da ake goge shi, likita. Mai ciki in za ki awo, ki je da farcenki a fili. Ungozoma da ma'aikatan lafiya suna duba cikin ido, tafin hannu da farce don gane ƙarancin jini. Ƴar na'urar nan kuma da ake maƙala wa yatsa don auna iskar da ke cikin jini, da haske take aiki, shafi mai duhu ko mai kauri yana iya ruɗa ta. In haihuwa ta kusa, ko akwai aikin tiyata, ki goge. Haka yara ƙanana, musamman da damina lokacin zazzaɓin cizon sauro, a bar farcensu yadda Allah ya yi shi.

Na uku, sana'ar abinci. Mai dama fura, mai tuyar ƙosai ko awara, mai tsinkar zogala a lambunan Jiratawa, jan farce yana ɓantarewa ya faɗa cikin abin da mutane za su ci. Ki bar shi sai ranar buki. Kuma wajen gyaran farce, kowa ta riƙe rezarta da abin yankanta, don ciwon hanta yana bin jini ta ƙarfen da aka yi tarayya da shi.

Ga maigidan da ke Abijan da sauran masu kawo tsaraba: ƙaramar kwalba biyu, ɗaya ruwan zinari ko tagulla, ɗaya farin nan na shimfiɗa, sun fi babban jeri da zai daskare kafin a kai rabinsa. Ka ɗaure su cikin leda, ka sa tsakiyar tufafi. Disolban kuwa a saye shi nan Maraɗi, akwai shi a kasuwa.

Mai sauran tambaya ta aiko mana, za mu karanta a fili na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba amarenmu zaman lafiya, ya sauki masu ciki lafiya. Mu kwana nan.